Da Ƙafar Aminina Na Rama Karayata

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Na daɗe ina bin labaran da mutane ke aiko muku a wannan shafi, yau na ga gara ni ma in sauke nawa. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

A lokacin da abin ya faru ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. An haife ni a Riyadh, a wani tsohon gidan haya a unguwar Malaz. Mahaifina mutumin Kano ne, tela, ya zo ƙasar da ƙuruciyarsa ya tsufa a kan keken ɗinki a shagon kafil ɗinsa, wato Balaraben da iƙamarmu, takardar izinin zama, ke ƙarƙashinsa. An kai ni Kano wurin kakata na yi firamare da ɗan abin da ya samu na sakandare, can Hausata ta zauna na kuma tsinci Turanci, sannan aka dawo da ni. Da rana ina tsaron wani shagon kayan wasanni, da yamma ina filin ƙwallon unguwa. Ɗan gaba ne ni, kuma ba yabon kai ba, a gasar unguwanni da ake yi da azumi har daga nesa ake zuwa kallona. Abu ɗaya ya tsaya mini a gaba, shi ne takarda. A wancan zamani wanda ba shi da jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, ko a ƙasar aka binne cibiyarsa, baƙo ne a wurin masu ƙwallo. Guraben baƙi kuwa a kowace ƙungiya kaɗan ne, ba a ɓata su a kan ɗan tela, sai dai a ɗauko wanda ya yi suna daga waje.

Ina da amini da muka tashi tare a lungu ɗaya. Shi ma Bahaushe ne, amma kakanninsa tun zamanin tafiya Hajji a ƙasa suka zo suka zauna, saboda haka shi ɗan ƙasa ne. Hausarsa rabi Larabci ce, sai dai babu abin da ba ya ji. Mahaifinsa ya rasu da wuri, shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Umma nake kiran mahaifiyar tasa kamar yadda yake kiranta, kuma na ci tuwonta fiye da yadda na ci na gidanmu. Shi ma ɗan gaba ne, ƙaƙƙarfa, mai sanyin hali, irin wanda ake yi wa ƙeta ya tashi ya kaɗe wandonsa ya ci gaba. Wata ƙungiya ta babban rukuni a nan Riyadh ta ɗauke shi. Na yi masa murna, na kuma ji ƙyashi, don mu biyun mun san wanda ya fi iya ƙwallo a cikinmu. Shi da kansa bai manta da ni ba. Ya je ya roƙi wani tsohon kocinsa da ya zama mataimakin mai horarwa a wata ƙungiyar daban, aka yarda in riƙa zuwa atisaye ina cike gurbi idan mutane ba su kai ba. Babu kwantiragi, babu sunana a ko'ina, riga kawai ake miƙo mini in sa, in an tashi in mayar.

A farkon kakar wasa ta biyu da fara zuwana ƙungiyar ta ɗauko wani Bature mai tsaron baya ɗan ƙasar Sloveniya. Kafin nan ko sunan ƙasar ban taɓa ji ba. Dogo ne, ya haura talatin, mai ƙarancin magana, zafin Riyadh ya mayar da fuskarsa ja wur. Ba ya jin Larabci, tafintan ƙungiya kuma yana manne da babban koci, don haka ni mai ɗan Turanci ya samu. Ni ke gaya masa abin da ake cewa a fili, ni na kai shi inda zai sayi layin waya, ni na koya masa cin kabsa, shinkafar Larabawa, da hannu. A mota yakan ba ni labarin rayuwarsa. Ya ce garinsu ƙarami ne a gindin duwatsu, mahaifinsa a masana'antar katako ya ƙare. A ƙungiyar garin ya fara, suna ƙaramin rukuni, suka hau babba. Ƙungiyoyin ƙasarsu ba su da yawa, sai ka haɗu da abokin hamayya ɗaya ka sake haɗuwa da shi a kaka guda har ka san warin zufarsa. Abin alfaharinsa shi ne shekarar da yana kyaftin suka doke babbar ƙungiyar babban birni suka ɗauki kofin ƙasar. Ya nuna mini hotonsa a waya yana ɗaga kofin, garin kaf ya fito. Bayan nan wata ƙungiya a maƙwabciyar ƙasa ta saye shi, ya ji ciwo, ya ƙare a benci, ya koma gida. An taɓa kiransa sansanin 'yan wasan ƙasarsu amma bai buga ba. Ya ce Riyadh ce damarsa ta ƙarshe, yana da mata da 'ya'ya mata biyu a gida, in ya gama wannan kwantiragin shi ke nan.

Wata rana bayan atisaye ya ce in raka shi wani wuri, amma kada kowa ya ji. Muka tafi wani ƙaramin asibitin kuɗi a Murabba. A can na ga abin da yake ɓoyewa. Gwiwarsa ta hagu, wadda aka taɓa yi wa aiki, ta kumbura suntum. Likitan ya zuƙe ruwa da sirinji, ya yi masa allura, ya ce in gaya masa gwiwar nan da ƙyar take riƙe, bugu ɗaya mai kyau daga gefe zai gama da ita. Na fassara masa kalma da kalma. Da muka fito ya riƙe kafaɗata ya ce in ƙungiya ta sani za ta sallame shi a tsakiyar kaka ta sa wani a gurbinsa, don haka ransa yana hannuna. Na rantse masa. Daga nan zuwa asibitin ya zama aikinmu lokaci zuwa lokaci. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan ne ya ce mini abin da ake yi da ni asara ce, a ƙasarsu babu ruwansu da jinsiyya, in ka iya ka iya. Ya ce shugaban tsohuwar ƙungiyarsa kamar uba yake a wurinsa, zai kira shi a ba ni gwaji idan sanyi ya wuce. Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Baba ya saurare ni har na gama, ya ce alkawarin da aka yi a mota ya fi kyau a bar shi a mota. Na ga kamar tsufa ne ke damunsa.

Ƙungiyar ba ta yi sa'ar kakar ba. Aka yi ta cin su a gasar lig, suka gangara kusa da masu faɗawa ƙaramin rukuni, magoya baya suka fara neman wanda za su ɗora wa laifi. Ana cikin haka wata yamma a atisaye ƙwallo ta zo mini, Baturen ya taso, na zura ta tsakanin ƙafafunsa, abin da 'yan nan ke kira kobri. Ya juyo da sauri, gwiwar ta ƙi, ya zauna daɓas a ƙasa, na wuce na ci. Wani daga cikin masu kallo a bayan shinge ya ɗauka a wayarsa. Kafin kwana biyu hoton ya zaga gari, ana rubuta cewa ga wanda aka ɗauko daga Turai, wani yaro marar takarda ya zaunar da shi. Gaskiya ita ce ni ma na tura wa abokaina, na ji daɗin a ce yau an san da ni. Ban tsaya na yi tunanin abin da hakan zai jawo masa ba. A wasan da ya biyo baya 'yan kallo suka yi ta yi masa ihun kobri duk lokacin da ya taɓa ƙwallo, koci ya cire shi kafin a tashi.

Da na koma atisaye na gaida Baturen bai amsa ba. Aka raba mu gida biyu, na samu ƙwallo a gefen fili, na ba shi baya, babu wani haɗari, babu raga a kusa. Sai kawai na ji an ɗauke ni daga baya da ƙafa biyu. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Da na duba, tafin ƙafata na dama yana kallon inda bai kamata ba. Ina kwance ina birgima na ɗaga kai na gan shi a tsaye yana kallona, hannu a ƙugu, sannan ya juya ya tafi wurin shan ruwa. Wannan juyawar ita ce abin da na kasa mantawa. A hanyar asibiti wani jami'in ƙungiya da ya shiga motar ya yi mini magana a hankali, ya ce in an tambaye ni in ce a filin unguwa na karye, domin ba ni da izinin taka filinsu, in maganar ta fita mataimakin kocin zai rasa aikinsa, ni da mahaifina kuma iƙamarmu za ta shiga matsala. Haka na faɗa. Aka yi mini aiki a idon sawu, aka sa ƙarfe, aka ɗaure ƙafar.

Na yi makonni a kwance a ɗaki ina jiran Baturen. Duk ƙarar mota a ƙofar gida sai in ce shi ne. Bai zo ba, bai kira ba. Na tura masa saƙo ya karanta ya yi shiru, na sake turawa na ga ya toshe lambata. Mai shago ya ɗauki wani a madadina. Baba bai tuna mini gargaɗin da ya yi mini ba, ya dai ƙara lokacin zamansa a kan keke, ina ganin bayansa yana ƙara ranƙwafawa. Wanda ke zuwa kullum aminina ne, da kwanon abinci daga Umma, ya ɗauke ni ya kai ni banɗaki ya dawo da ni. Ni kuwa a kan katifar nan wani abu ya tsiro a zuciyata ya yi ta girma. Ina kwana da mutumin nan ina tashi da shi. In na rufe ido sai in gan shi yana tafiya wurin shan ruwa. Na fara yi masa mugun fata a cikin sujada, na san bai dace ba, amma ban daina ba. Na ci alwashin sai ya ji ƙarar da na ji, sai ya kwanta ya ɗaga kai ya ga an juya masa baya.

Da aka kwance ƙafar likita ya ce aikin ya yi kyau, saura nawa. Ya ce in na dage da motsa ta yadda aka koya mini, ina zuwa wurin masu gashin ƙashi na asibiti ba fashi, zan iya komawa fili, in na yi wasa kuma za ta sandare. Na je sau kaɗan na watsar. Me zan koma yi a fili, tunda babu inda za a ɗauke ni? Lokacin da ya kamata in ba ƙafata sai na ba maƙiyina. Duk wasan da ƙungiyarsa za ta buga a Riyadh ina can da sandata a cikin 'yan kallo, ba don in ga ƙwallo ba, shi nake kallo. Abin haushi, wasansa ya gyaru. Ya dawo cikin 'yan sha ɗayan farko, suka fara tsira daga faɗuwa, suka yi nisa a gasar kofi, wadda in an ci ka sau ɗaya ka fita. Mutanen da suka yi masa ihu jiya su ne ke rera sunansa. Ni kaɗai a filin nan na san yadda yake kare ƙafar hagu, yadda yake juyawa ta dama ko da ta hagu ta fi kusa. Na yi tunanin in kai maganar gwiwar ga ƙungiya ko ga 'yan jarida, sai na ga iyakacinta a sallame shi ya koma gida da ƙafafunsa biyu. Wannan bai ishe ni ba.

Sai aka fitar da jadawalin zagaye na gaba na kofi, ƙungiyarsa ta faɗo da ta aminina. Na ɗauka Allah ne ya amsa mini. Aminina ɗan gaba, shi mai tsaron baya, dole su yi ta haɗuwa. Na same shi a gida bayan la'asar na kwashe sirrin asibitin Murabba na gaya masa, har da maganar likita ta bugu ɗaya daga gefe. Ya ce shi bai taɓa shiga fili da niyyar cutar da wani ba, kuma ba zai fara ba, in bar wa Allah. Na ce Allah ne ai ya haɗa su. Ya ce in daina irin wannan magana. Na tafi ina huci. Na dawo washegari, na sake dawowa. Na san inda yake da rauni, kuma nan na riƙa dannawa. Na tuna masa shi ya kai ni wurin nan, ba don shi ba da ƙafata lafiya lau. Na ce masa takarda ce kawai ta bambanta mu, yana cin arzikin da ya san nawa ne, yanzu an nakasa ni ya tsaya yana yi mini wa'azi. Na tuɓe safa na ɗora ƙafar a kan tabarmar ɗakinsu na ce ya kalli ɗinkin da kyau. Umma ta leƙo da shayi ta tambaya ko lafiya, muka ce lafiya, ta sa mana albarka ta koma. A ƙarshe na sassauta murya na ce ba cewa na yi ya karya shi ba, ya dai taɓa wurin, ya ji a jikinsa cewa an sani. Ƙarya nake yi, kuma ina jin shi ma ya san ƙarya ce. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya raka ni bakin ƙofa bai kalli idona ba.

Ranar wasan na samu wuri kusa da fili. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, babu abin da ya faru, har na fara zagin aminina a zuciyata. Da aka dawo aka bugo wata doguwar ƙwallo, Baturen ya tare ta, ya kafa ƙafar hagu zai juya. Aminina ya taho a guje daga gefe. Ƙwallon ta riga ta bar wurin, kowa ya gani. Ya shiga da ƙusoshin takalmi daidai gwiwar. Mutumin ya faɗi yana dukan ƙasa da hannu, kukansa har inda nake. Ba zan yi muku ƙarya ba, a wannan lokacin wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa, na miƙe tsaye ba tare da sanda ba, na ce alhamdu lillahi a fili. Alƙalin wasa ya ɗaga jan kati. Aminina bai juya baya ya tafi ba kamar yadda na so a yi wa mutumin. Durƙusawa ya yi a kansa ya dafe kai da hannu biyu, sai da 'yan ƙungiyarsu suka janye shi. Aka fitar da Baturen a kan gadon ɗaukar majinyata. Ƙungiyar aminina da ta rage mutum goma aka ci ta, ta fita daga kofin.

Daɗin bai kai ni gida ba. Kafin gari ya waye hoton ƙetar ya fi na kobri yawo. Masu sharhi a talabijin suka yi ta maimaita shi a hankali, suna cewa da gangan ne, kuma gaskiyarsu. Aka dakatar da aminina wasanni masu yawa. Magoya bayan ƙungiyarsa suka ce shi ya fitar da su daga kofi, na ɗaya ƙungiyar suka sa masa suna mahauci, sunan ya bi shi har kasuwa. An kira shi gaban kwamiti an tambaye shi dalili, ya ce kuskure ne, bai ambaci sunana ba, bai kuma taɓa ambata ba har yau. Da dakatarwar ta ƙare ya dawo, amma ba shi ba ne. Ya zama yana tsoron haɗuwa da mai tsaron baya, yana janye ƙafa. Ƙarshen kaka aka sallame shi. Ya gwada ƙaramin rukuni, can ma bai daɗe ba. Na je gidansu sau da yawa, ƙannensa su ce ba ya nan alhali ga takalminsa a ƙofa. Umma ba ta san komai ba, takan tare ni ta tambaye ni me ya shiga tsakaninmu, ta ce in yi masa magana ko zai saki ransa, ni ne ɗan'uwansa. Daga baya na daina bin layin.

Na sake ganin Baturen sau ɗaya. Ƙafata ta dame ni da ciwo, na tuna da likitan Murabba na je. Ina shiga ɗakin jira na gan shi zaune da sanduna biyu, ya rame, wata mata da na gane matarsa ce tana gefensa. Na so in juya, ya yafito ni. Ya ce an yi aiki amma an gaya masa ƙwallo ta ƙare, jibi za su tafi gida. Ya ce ya san ni ne, domin mu uku muka san gwiwar, kuma likita ba shi da aboki ɗan gaba. Na ce masa eh ni ne, kuma ya tuna ranar da ya tafi shan ruwa. Ya sunkuyar da kai. Ya ce a ranar tsoro ne ya cika shi, ya ga gurbinsa na tafiya saboda yaron da ya amince wa, ya shigo ne don in ji zafi, bai nufi karaya ba, da ya ga ƙafar kuma ya rasa yadda zai kalle ni. Na tambaye shi maganar gwajin da ya yi mini alkawari. Ya ce bai taɓa kiran kowa ba, shugaban nan ma sun daɗe ba sa magana, ya faɗa ne don in riƙe masa sirri. Bai nemi gafarata ba, ni ma ban nemi tasa ba. Aka kira sunansa, matar ta taimaka masa ya miƙe, na bi su da kallo har suka shige.

Ba a yi shekara biyu ba sai ga labarin da na yi ta mafarkinsa tun ina yaro. Aka buɗe ƙofa ga mawalid, wato irinmu da aka haifa a ƙasar ba mu da jinsiyya, aka ce ƙungiyoyi za su iya yi mana rajista. 'Yan unguwa suka yi ta kirana suna cewa lokacina ya zo. Na ɗauko takalmina na je gwaji. Minti kaɗan na gane. Idon sawun ya sandare kamar yadda likita ya faɗa, ba ya lanƙwasa, in na yanka sai ƙafar ta makara. Yaran da a da suke ɗauko mana ƙwallo in ta fita suka riƙa wuce ni. An ɗauki wasu daga cikinsu, ina ganinsu a talabijin yanzu. Wani likitan ƙashi da na gani daga baya ya ce karayar ba ita ta kashe ƙafar ba, watannin da na bar ta ne. Wato mutumin nan ya karya ni, amma ni na ƙarasa aikin da hannuna, ina zaune a cikin 'yan kallo ina ƙirga masa taku.

Yanzu direba ne ni, ina tuƙa wasu ma'aikata a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Aminina kuwa aikin gadi ya samu, kuma cikin ikon Allah a ɗaya daga cikin ƙofofin da nake bi. Da safe in na iso sai in sauke gilashi, ya karɓi katina ya duba kamar bai san sunan da ke jiki ba, ya miƙo mini ya ce in wuce, da Larabci, yadda yake gaya wa kowa. Na taɓa tsayawa na ce masa don Allah ya yafe mini. Ya ce ya yafe tuntuni, akwai mota a bayana.

Game da Baturen, har yau in na ce zuciyata ta wanke tas na yi ƙarya. Ya zalunce ni, ya yaudare ni, wani lokacin in sanyi ya taso ƙafar ta hana ni sukuni sai in ji ban yi nadamar komai ba. Amma na ci amanar da na rantse a kanta, kuma hakkin wannan yana kaina ko me ya yi mini. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda bai yi mini komai ba sai alheri. Na rasa ƙafar ramuwa, na ari tasa, na mayar masa da ita a karye, da sunansa da abincin gidansu.

Shi ya sa nake jan kunnen matasa, musamman masu neman abinci a ƙasar mutane, inda za a cuce ka a ce ka yi shiru. Zafin zalunci gaskiya ne, ba zan ce muku ba ya ƙuna ba. Amma in an ji maka ciwo, fara jinyar ciwon kafin ka nemi wanda ya ji maka, domin dama tana iya zuwa ta same ka ba ka warke ba. In kuma zuciya ta rinjaye ka har ka ƙudura ramuwa, to ka dubi wanda kake shirin aikawa. Maƙiyinka ba zai yarda ya ɗaukar maka wannan kaya ba, sai mai ƙaunarka, kuma a kansa kayan za su faɗa. In kai ne aka zo wa da irin wannan roƙo, da kuka da tunin zumunci, ka ƙi, ko da za a yi fushi da kai shekara goma. Da aminina ya ƙi roƙona, da yau ina da aminin da zan yi fushi da shi.